Waƙoƙin da Bruce Springsteen Ya Ajiye a Gefe: Ra'ayina Kan Akwatin Tracks

Muryar wani dattijo ce take fara fitowa idan aka sanya faifai na ɗaya, kafin a ji ko da ƙarar tsirkiya guda. Dattijon shi ne John Hammond na kamfanin Columbia, mutumin da ya ɗauko Bob Dylan da Aretha Franklin ya kawo su kamfanin, kuma a nan yana karanta lambar aiki da sunan waƙa ne kamar yadda aka saba yi a situdiyo kafin a fara naɗa. Daga nan sai wani matashi ɗan shekara 22 ya kama jitarsa ya fara rerawa shi kaɗai. Wannan ya faru ne a birnin New York a farkon watan Mayun 1972, lokacin da Bruce Springsteen, mawaƙin rock na Amurka, yake gwajin neman a ɗauke shi, bai fitar da faifai ko ɗaya ba, kuma babu wanda ya san shi sai masu zuwa ƙananan gidajen rawa na gaɓar teku a jihar New Jersey. Waƙoƙi huɗu na wannan gwaji su ne suka buɗe akwatin Tracks, kuma duk lokacin da na saurare su nakan ji gaggawar da ke cikin muryar yaron, yana cusa kalmomi cikin kowane baiti kamar wanda yake tsoron kada a tsayar da shi kafin ya gama faɗin abin da ya zo da shi.

Kamfanin Columbia ya fitar da Tracks a watan Nuwamban 1998. Faifan CD huɗu ne a cikin akwati mai siffar dogon littafi, ɗauke da waƙoƙi 66 da aka naɗa tsakanin 1972 da shekarun 1990, kuma sauraronsu gaba ɗaya yana cin fiye da awa huɗu. Akwai ɗan littafi a ciki mai hotuna da kalmomin kowace waƙa, da ranar da aka naɗa ta, da sunayen makaɗan da suka yi aikin. Nawa kwafin na hannu ne, wani ɗan'uwana ya zo mini da shi daga Ingila, gefen littafin ya riga ya ɗan lanƙwashe saboda yawan buɗewa, kuma ko da yake duk waƙoƙin suna nan a Spotify da YouTube, ina ganin wanda bai riƙe littafin a hannu ba ya rasa rabin amfanin, domin ranakun naɗar su ne suke nuna wa mai sauraro wace waƙa aka yi a wane hali, da wadda ta ture wata daga kundi.

Tambayar da duk wanda na kunna wa akwatin yake fara yi ita ce, me ya sa mawaƙi zai naɗa waƙoƙi masu kyau haka sannan ya kulle su shekara ashirin? Amsar tana cikin yadda Springsteen yake aiki. Yana ɗaukar kowane kundi a matsayin labari guda mai farko da ƙarshe, saboda haka duk waƙar da ba ta dace da labarin ba yakan cire ta komai daɗinta. Shari'ar da ta shiga tsakaninsa da manajansa na farko, Mike Appel, ta hana shi shiga situdiyo daga 1976 har zuwa tsakiyar 1977, kuma a wannan zama ya tara waƙoƙi da yawa, ta yadda da ya koma aiki ya naɗa abin da ya ninka goman da suka shiga kundin Darkness on the Edge of Town na 1978. Wasu ma kyauta ya yi da su. Patti Smith ta ƙarasa rubuta “Because the Night” ta yi suna da ita, Pointer Sisters suka kai “Fire” matsayi na biyu a jadawalin waƙoƙin Amurka, abokinsa Southside Johnny kuma ya sanya wa kundinsa sunan “Hearts of Stone”, wadda ainihin rerawar Springsteen take cikin wannan akwati.

Wasu daga cikin waƙoƙin sun taɓa fitowa, amma a bayan faifai. Waɗanda suka san zamanin garmaho za su tuna cewa ƙaramin faifai fuska biyu gare shi, ta gaba ita ce waƙar da ake tallatawa kuma gidajen rediyo suke sanyawa, ta baya kuma sai wanda ya sayi faifan ya juya shi yake jin ta. A bayan faifan “Dancing in the Dark” na 1984 aka sanya “Pink Cadillac”, wadda Natalie Cole ta sake rerawa, a 1988 ta shiga sahun biyar na farko a Amurka. Sauran kuwa, masoya sun daɗe suna musayarsu a kaset na bayan fage, kwafi daga kwafi, sautin ya dushe, ganga ta koma kamar ana buga kwali. Ga irin waɗannan mutane, fitowar Tracks ita ce ranar farko da suka ji waƙoƙin da suka haddace da sautinsu na gaskiya.

Ba zan daɗe a kan faifai na ɗaya ba. Bayan gwajin Hammond akwai waƙoƙin 1973 masu dogon zango da yawan surutu, kuma mafi daɗinsu ita ce “Thundercrack”, wadda ta haura minti takwas, kuma da ita ƙungiyar makaɗansa take rufe wasa a wancan lokaci. Ana jin samari ne da suke murnar iya kiɗa, kowa yana neman a ji shi, kakakin Clarence Clemons yana amsa jita, jita tana amsa murya. Kusa da ƙarshen faifan akwai “Iceman” mai nauyi da duhu, da “Don't Look Back” wadda aka cire daga Darkness a dab da fitowarsa. Faifai ne mai daɗi, amma na biyun shi ne dalilin da ya sa nake cewa akwatin ya cancanci kuɗinsa.

Yawancin faifai na biyu daga aikin kundin The River ne, wanda aka yi a 1979 da 1980, kuma a nan “Roulette” take. A ranar 28 ga Maris 1979 aka samu haɗari a tashar nukiliya ta Three Mile Island kusa da Harrisburg a jihar Pennsylvania, bayan kwana biyu gwamnan jihar ya shawarci mata masu juna biyu da ƙananan yara da ke kusa da tashar su bar wurin, kuma mutane kimanin 140,000 suka kwashe iyalansu suka gudu. Cikin kwanaki kaɗan, a farkon Afrilu, Springsteen ya shiga situdiyo da wannan waƙa. Ganga ce take buɗe ta, Max Weinberg yana bugu da sauri kamar bugun zuciyar wanda ya firgita, sannan muryar wani ma'aikacin kashe gobara ta shigo yana ba da labarin yadda suka bar kayan wasan yara a tsakar gida, ya ɗebi matarsa da 'ya'yansa suka bar gidan babu mai gadi. Yana tambayar hukuma abin da ke faruwa, babu mai ba shi amsa, har ya gane cewa ana caca ne da rayuwarsa da ta 'ya'yansa, wanda shi ne ma'anar sunan waƙar. Ban san wata waƙa tasa da ta kai wannan zafi da tsoro ba, amma bai sanya ta a The River ba duk da kundin yana da waƙoƙi ashirin. Sai a 1988, bayan shekara tara, ta fito a bayan faifan “One Step Up”. A ganina wannan kuskure ne, kuma “Loose Ends” da “Restless Nights” da “Take 'Em as They Come” su ma sun fi wasu waƙoƙin nishaɗi da suka samu shiga kundin.

Wani abin da faifan yake koyarwa shi ne yadda waƙa take samuwa. “Mary Lou” da “Be True” kusan kalmomi ɗaya ne a kan kiɗa biyu daban, an ajiye su kusa da juna, mai sauraro yana iya gane dalilin da ya sa ta biyun ta fi zama a kunne. “Living on the Edge of the World” waƙa ce mai gudu da hayaniya ta 1979, amma wanda ya san kundin Nebraska na 1982 zai gane baitocinta a cikin “Open All Night”, inda direban da ke tafiyar dare a kan titunan New Jersey ya koma shi kaɗai da jita guda. “Stolen Car” ta nan ta fi ta The River yawan baitoci, fiyanon Roy Bittan yana ɗauke da ita, kuma tana bayyana labarin auren da ya mutu dalla-dalla, alhali wadda aka fitar an rage ta har ta koma raɗa. Na daɗe ina fifita ta akwatin, amma da shekaru suka ja sai na fahimci abin da ya sa ya zaɓi gajeriyar, domin mutumin da ke tuƙa motar sata cikin dare yana fatan a kama shi ba mai dogon bayani ba ne.

A ƙarshen wannan faifai ne abin da ya fi taɓa ni yake. A ranar 3 ga Janairun 1982, a ɗakin kwana na wani gidan haya a Colts Neck, Springsteen ya naɗa jerin waƙoƙi a ƙaramar na'urar kaset mai layi huɗu, da nufin ya kai wa ƙungiyarsa su koya. Yawancinsu su ne suka zama Nebraska, amma cikin waɗanda aka bari akwai siffar farko ta “Born in the U.S.A.”. Duniya ta san waƙar da ta fito a 1984, mai ganga kamar harbin igwa da amshin da dubban mutane suke ɗaga hannu suna rerawa, har Shugaba Ronald Reagan ya ambaci sunan mawaƙin a yaƙin neman zaɓe a garin Hammonton a watan Satumban wannan shekara, yana cewa waƙoƙinsa saƙon fata ne ga Amurka. Baitocin kuwa labarin wani talaka ne da aka tura yaƙin Biyetnam, ya dawo ya je matatar mai neman aiki aka ce babu, ya je ofishin tsofaffin sojoji bai samu komai ba, ɗan'uwansa kuma ya mutu a can. A siffar kaset ɗin babu ganga, babu ƙungiya, jita ce kawai mai kaifi da murya mai amsa-kuwwa kamar daga cikin rijiya, kuma babu yadda za a yi mutum ya ji ta ya ɗauka waƙar alfahari ce. Amshin da ya zama kirari a filayen wasa, a nan kuka ne. Duk wanda yake gardama a kan ma'anar wannan waƙa, nakan kunna masa wannan siffa in yi shiru.

Springsteen bai je yaƙin ba, domin ya faɗi gwajin lafiya na shiga soja, amma mai bugun ganga na ƙungiyarsa ta farko ta ƙuruciya, Bart Haynes, ya tafi kuma an kashe shi a 1967. Littafin Ron Kovic, tsohon sojan da ya dawo daga Biyetnam a keken guragu, shi ma ya yi masa tasiri sosai. Daga wannan damuwa “Shut Out the Light” ta fito, wadda aka sanya a bayan faifan “Born in the U.S.A.”, kuma ita ce ta rufe faifai na biyu. Soja ne ya sauka daga jirgi, babu wanda ya tarye shi, ya ɗauki tasi zuwa cikin gari ya samu lungu mai duhu ya zauna. A gida an rataya ƙyalle a baranda ana yi masa maraba, an fito da motarsa daga gareji ana goge ta, mahaifiyarsa tana murna, mahaifinsa yana cewa tabbas za a mayar da shi aikinsa a masana'anta. Kowa yana yi masa abin kirki daidai iyawarsa. Shi kuwa idan dare ya yi sai ya kwanta idonsa a kan rufi har gari ya waye, ya kasa motsa hannuwansa, kuma a amshin waƙar, wannan ƙaton namiji da ya je yaƙi ya dawo yana kiran mahaifiyarsa ta zo da sauri ta riƙe shi, jikinsa yana rawa, yana roƙonta kada ta kashe fitila. Kiɗan jita ne da hamonika da gogen Turawa can ƙasa-ƙasa. Waƙar ba ta kai minti huɗu ba, ba ta ambaci sunan yaƙin ba ko sau ɗaya, kuma na fi shekara goma ina sauraronta ba tare da ta yi mini sauƙi ba. Idan aka ce in zaɓi waƙa guda cikin 66, ita zan ɗauka.

Faifai na uku ya ƙunshi shekarun 1982 zuwa 1987, lokacin da sunansa ya cika duniya kuma kundin Born in the U.S.A. ya fitar da waƙoƙi bakwai da suka shiga sahun goma na farko a Amurka. Akwai “My Love Will Not Let You Down”, wadda ta kwana shekara goma sha shida a ajiye, sannan ta zama ɗaya daga cikin waƙoƙin buɗe wasa lokacin da ya sake haɗuwa da ƙungiyar E Street Band a 1999. Akwai “This Hard Land” ta 1982 da “Frankie”, duka biyun manya ne. Akwai kuma 'yan waƙoƙin wasa irin su “TV Movie” da “Stand on It” waɗanda nakan wuce su. Amma wadda nake komawa gare ta ita ce “The Wish” ta 1987, da ya rubuta wa mahaifiyarsa Adele, wadda ta yi aikin sakatariya a wani ofishin lauyoyi a garinsu Freehold, kuma ta ci bashi ta saya masa jita ta dala 60 yana yaro. Waƙar ta fara da yaro da uwarsa tsaye cikin sanyin Kirsimeti a gaban wani tsohon shagon kayan kiɗa, sannan ta koma kan abubuwan da yaro yake ji daga kan gado da safe: agogon tashi yana ƙara, akwatin kwalliya ya taɓa bakin wurin wanke fuska, uwar tana shirin tafiya aiki. Mawaƙin rock na wancan zamani ba ya yawan yi wa uwarsa waƙa a fili, kuma ina jin wannan yana cikin abin da ya sa ya ɓoye ta. Daga baya ya mayar da ita cikin wasansa na dandalin Broadway na birnin New York a 2017, lokacin da cutar mantuwa ta riga ta kama mahaifiyar, wadda ta rasu a watan Janairun 2024 tana da shekara 98. Duk wanda uwarsa ta taɓa matse bakin aljihunta domin ta saya masa abin da ransa yake so zai gane waƙar ko da Turancinsa bai yi nisa ba.

Faifai na huɗu shi ne mafi rauni, kuma gara in faɗa a fili. Ya sallami E Street Band a 1989, ya koma Los Angeles, kuma yawancin waƙoƙin nan ragowar aikin kundin Human Touch ne na 1992. Na'urar kiɗa ta yi yawa, sautin ya yi santsi fiye da kima, kuma waƙoƙi da dama suna tafiya da taki ɗaya har su gauraye a kunne. “Sad Eyes” tana da daɗi, “Back in Your Arms” ta 1995 kuma tana nuna abin da aka rasa da ƙungiyar ta watse, domin da ita aka naɗa ta. Sauran sai mai son sanin tarihi.

Akwai wasu kurakurai a tsarin akwatin kansa. Mafi girma shi ne rashin “The Promise”, waƙar zamanin shari'ar Appel wadda masoya suka fi shekara ashirin suna jira, da kuma “The Fever” ta 1973. Da ƙorafi ya yi yawa, sai a watan Afrilun 1999 aka fitar da faifai guda mai suna 18 Tracks, wanda waƙoƙi 15 a cikinsa daga akwatin aka ɗebo su, aka ƙara waɗannan biyu da “Trouble River”. Wato wanda ya riga ya sayi faifai huɗu sai ya sake biyan kuɗin cikakken faifai saboda waƙa uku, kuma wannan bai yi wa masoya adalci ba. “The Promise” ɗin ma sabuwar naɗa ce ta fiyano kaɗai, sai a 2010 aka fitar da siffar ƙungiya. Na biyu, an ƙara wa wasu tsofaffin waƙoƙi kakaki da muryoyin amshi a 1998, abin da ya ƙawata su amma ya rage musu darajar zama shaidar lokacinsu. Na uku, jerin waƙoƙin bai bi shekaru sosai ba, kuma littafin, ban da gajeriyar gabatarwa da mawaƙin ya rubuta, bai yi bayanin dalilin cire kowace waƙa ba, alhali wannan ne abin da mai sayen irin wannan akwati ya fi son sani.

Wanda bai taɓa sauraron Springsteen ba, shawarata ita ce ya fara da Born to Run da Darkness on the Edge of Town da Nebraska, domin daɗin Tracks yana ƙaruwa ne idan mutum ya san kundin da aka cire waƙar daga ciki. Wanda ya san waɗannan kuwa, ya nemi akwatin, ya fara da faifai na biyu. A watan Yunin 2025 an fitar da Tracks II mai ɗauke da kundi bakwai cikakku da waƙoƙi 83, amma na 1998 shi ne ya ƙunshi shekarun da ƙungiyar take kan ganiyarta, da makaɗanta Clarence Clemons da Danny Federici suna raye.

Kuma kada raunin faifai na huɗu ya sa a cire shi kafin waƙar ƙarshe. A faifai na uku akwai wata ta 1983 mai suna “Brothers Under the Bridges”, labarin yaro da yake kallon manyan samarin unguwa suna tseren mota a ƙarƙashin gada, yana burin ranar da zai zama ɗaya daga cikinsu. Bayan shekara goma sha biyu, a 1995, ya sake ɗaukar kusan wannan suna ya rubuta “Brothers Under the Bridge”, kuma a wannan karo 'yan'uwan da ke ƙarƙashin gadar tsofaffin sojojin Biyetnam ne da ba su da matsuguni, waɗanda suka bar gari suka koma zama a duwatsun Kalifoniya. Idan busasshiyar iskar Santa Ana ta taso ciyawa takan kama da wuta, wani dare kuma wutar da ɗaya daga cikinsu ya hura ta ƙone shi, suka binne shi a can saman tudu. Mai ba da labarin yana magana ne da ɗiyarsa wadda ta girma ba ta san shi ba, ta yi doguwar tafiya ta zo nemansa. Yana tuna mata ranar bikin tsofaffin sojoji, yana zaune sanye da kakinsa, yana riƙe da hannun mahaifiyarta ana wucewa da tuta, sannan ya fara bayyana mata yadda mutum yake tsaye lafiya sai wani abu ya suɓuce. Bai ƙarasa jimlar ba, kiɗan ya ci gaba na ɗan lokaci, faifan ya tsaya.